Bencin da Evert Ya Cire

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, kamfanin gidaje ya liƙa takarda a ƙofar Lindehof cewa za a rushe ginin kafin hunturu mai zuwa. Evert Dalhuisen ya karanta ta a tsaye, da burodi a hammata. Da ya kai ƙarshe ya koma farko, don shi bai taɓa yarda da takarda a karatu ɗaya ba. Sannan ya shige gidansa ya rufe ƙofa.

Shekararsa tamanin da shida. Shekara uku ke nan da rasuwar matarsa Aleida, kuma tun daga lokacin babu abin da yake yi sai karatu da ganin laifin mutane. Lindehof bene ne mai hawa huɗu, gidaje arba'in da takwas, sun kewaye wani fili mai ciyawa inda yara ke wasa. A bangon ƙofar shiga akwai allon tagulla, an rubuta: E. Dalhuisen, mai zane, 1962. Evert ya zana gine-gine sun fi talatin a rayuwarsa. An rushe rabinsu, kuma ko shi bai yi kewarsu ba. Wannan ne kaɗai mutane ke tsayar da keke su ɗaga kai su kalla.

Bai gama tuɓe kwat ba aka soma dukan ƙofa da sanda.

"Injiniya! Ka mutu ne ko kana ciki?"

"Ina ƙoƙari, ke ce kika hana."

Fien Oosterom ce, ta hawa na biyu. Ta shigo Lindehof tana amarya a shekarar da aka buɗe shi, a nan ta haihu, a nan ta aurar, a nan ta binne miji. Ta kutso kai ba tare da an ce ta shigo ba, ta ɗora masa wasu takardu a tebur.

"Rahoton kamfanin ne. Karanta, tunda ka fi kowa ilimi a unguwar nan. Ni tabarauna ya ƙi ganin ƙarya."

Ya karanta. Rahoton ya ce ginin ya tsufa, kuma tun asali akwai kuskure a zanensa: a kowane hawa, inda matakala ke juyawa, an bar wani faffaɗan dandamali da taga babba, ba ɗaki ba, ba hanya ba, wurin da ba ya amfanar kowa. A ƙasa kuma aka ƙara da cewa ginin ba shi da wani muhimmanci a tarihi, aikin mai zane ne da bai yi fice ba.

"Rabin ƙarshen gaskiya ne," in ji Evert.

"Ka ji shi! Wurin da ba ya amfanar kowa? Shekara hamsin da biyar kujerata tana kan dandamalin nan. A nan nake ɓare dankali. A nan aka fara kawo mini labarin 'yata ta samu ciki." Ta buga sandarta a ƙasa. "Nan da mako uku kwamitin adana tsofaffin gine-gine zai zauna. In sun sa Lindehof a jerinsu, babu mai taɓa ko bulo ɗaya. Za ka je ka yi magana."

"In ce musu me? In ce na yi fice?"

"Ka ce musu ko me. Ai baki gare ka kamar reza, sai a kanmu kake gwada shi."

Da ta fita ya tsaya a bakin tagar kicin. Tagar tana daidai kan wurin wanke-wanke, ta yadda mai wanke kwano ba sai ta ɗaga dunduniya ba za ta hango kowane lungu na filin wasa. Haka take a gidaje arba'in da takwas ɗin duka. An taɓa yaba masa wannan dabara a wata mujalla, ya kuma yanke shafin ya adana.

Bayan kwana shida wata matashiya ta zo a keke, ruwan sama ya jiƙe ta sharkaf. Ta ce sunanta Anouk Ramdin, ita ma zanen gini ta karanta, yanzu kuma tana bin tsofaffin takardu tana neman matan da suka yi aikin nan a da ba a rubuta sunansu ba. Fien ce ta kira ta. Evert ya ba ta kofi da biskit ɗaya, ya mayar da murfin gwangwanin ya rufe.

"Kin ɓata hanya, 'yata. A ofishina ba a taɓa ɗaukar mace ba. Mu biyu ne, ni da murhu."

"Na sani, Baba. Na ga takardun." Ta buɗe jaka ta shimfiɗa hotunan zane guda biyu. "Wannan na makarantar da ka zana ne a 1968. Wannan kuma na Lindehof. Duk da sa hannunka."

"Kin iya karatu. Iyayenki ba su yi asara ba."

Ba ta kula shi ba. Ta ɗora yatsa kan bangon da ke zane na farko. Duk mai zanen gini, in ya zo nuna kaurin bango, yana cika tsakaninsa da ƙananan layuka a jere, a karkace. Ba a tunani a kansu, hannu ne ke yi da kansa.

"Dubi layukan nan. A makarantar sun kwanta dama. A duk zanenka sun kwanta dama. A Lindehof kaɗai suka kwanta hagu, shafi sittin da ɗaya, babu ko ɗaya da ya saɓa. Bahago ne ya ja su."

Evert ya ɗaga kofinsa da hannun dama ya kurɓa.

"Na ji ciwo a hannu a shekarar."

"Allah sarki. Ashe ciwon ya taimaka." Ta yi ɗan murmushi. "Baba, ina banɗaki?"

Ya nuna mata. A bayan ƙofar banɗakin, kamar na kowane gida, akwai kalandar ranakun haihuwa, wadda ba ta da shekara, sai watanni da sunayen dangi da abokai. Tasu ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa. Aleida ce ke riƙe da ita. In wani ya rasu ba ta soke sunansa da layi ɗaya, ta ce wannan wulaƙanci ne. Sai ta rufe sunan da ƙananan layuka a jere, a hankali, kamar tana cika bango.

Anouk ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta zauna, ta ɗauki kofinta da ya huce.

"Sun kwanta hagu," ta ce a hankali. "Har zuwa shekara uku da suka wuce. Daga nan kuma ba a sake rufe kowa ba. Ko sunan matarka yana nan ba a rufe ba, tara ga Yuni."

"Kin zo gidana ki sha kofina ki yi mini binciken banɗaki."

"Na ga sunanta a rajistar ɗaliban makarantar zanen gini ta Delft, Baba. Aleida Terpstra. Su uku ne mata a ajinsu. Daga 1956 ta ɓace mini, na yi shekara biyu ina nemanta." Ta tattara hotunan. "Ba zan rubuta komai ba in ba ka yarda ba. Layuka ba hujja ba ne, kowane lauya zai yi dariya. Amma gini irin wannan, in an tabbatar mace ce ta zana shi daga tushe har rufi a wancan zamanin, babu kwamitin da zai bari a rushe. In kuma naka ne..."

"In nawa ne, na wanda bai yi fice ba ne. Na karanta."

Ta bar masa lambar waya a kan tebur ta tafi.

Ba wani ɓoyayyen mugun abu ba ne, a ganin mutanen lokacin. Aleida tana aiki a sashen gidaje na hukumar gari lokacin da suka yi aure. Washegarin bikin aka ba ta furanni da takardar sallama, don a wancan zamanin matar aure ba ta riƙe aikin hukuma. Babu wanda ya ga abin mamaki, har Evert. Da ya buɗe ɗan ofishinsa aka ba shi aikin Lindehof, ya yi wata biyu yana zana akwatuna masu taga. Wata rana da safe Aleida ta kawar da cuku da wuƙa daga teburin kicin, ta shimfiɗa takarda ta fiƙe fensir.

Ba ta fara da zane ba. Ta fara da yawo. Ta shiga gidajen mata sun kai tamanin da abin awo a aljihu, tana auna tsayin gwiwar hannunsu, da faɗin keken jarirai, da yawan takun da mace ke yi tsakanin murhu da tebur. Sai da ta gama wannan ta zauna. Ita ke yi da fensir, shi kuma ya ɗora takarda shara-shara a kai ya bi layinta da tawada, ya sa hannu a ƙasa, don sa hannunsa kaɗai hukuma ke karɓa. Ya bi ta layi-layi, har da kwanciyarsu, bai taɓa lura ba.

Abu ɗaya ne bai bi ba. A kowane dandamali na matakala Aleida ta zana dogon benci na katako a ƙarƙashin taga. Ta ce mace mai ciki da kayan cefane tana buƙatar inda za ta huta, tsoho ma haka, kuma mutanen da ke zaune a saman juna suna buƙatar wurin da ba gidan kowa ba ne. Da Evert ya kai zanen farko gaban manyan gari da ɗan kwangila, sai ɗan kwangilar ya fashe da dariya. Ya ce benci a matakala? Ai mata za su zauna gulma miya ta ƙone, hukumar kashe gobara ba za ta huta ba. Kowa ya yi dariya. Evert ma ya yi, har ya fi wasu. Ya koma ofis ya sake shafin babu benci. Dandamalin kuwa ya bar shi da faɗinsa, ba don kirki ba, don in ya rage shi sai an sake lissafin matakalar gaba ɗaya, shi kuma ba zai iya ba sai da ita.

Bai gaya mata ba. A ranar buɗe ginin ta gani. Ta hau hawa na farko da sabuwar hularta, ta tsaya tana kallon fili wayam a ƙarƙashin taga. A ƙasa ana ta tafi ana yaye kyallen da ya rufe allon tagulla.

"To, ka dai bar musu wurin," abin da ta ce ke nan.

Ba ta sake zana gini ba. Ta shiga kwamitin matan da hukuma ke ba wa zanen sababbin gidaje su duba kafin a gina, ta yi shekara talatin tana bin aikin maza da jan fensir, har da nasa, ba sani ba sabo. Ba ta taɓa tayar da zancen benci ba. Da suka tsufa ita ta ce su koma Lindehof, hawa na ƙasa. Ya ɗauka hukunci ne. Daga baya ya gane so take ta ga yadda ake zama a ciki.

Kusan mako biyu Evert bai kira kowa ba. Ya karanta littattafai uku bai san abin da ke cikinsu ba. Ya lissafa wa kansa dalilai masu kyau: ita ba ta nema ba, ta riga ta tafi, kuma mutum mai shekara tamanin da shida yana da haƙƙin ya mutu da abu ɗaya a hannunsa. Duk lokacin da ya fito ɗaukar jarida sai ya ji muryar Fien daga sama.

"Injiniya, ka rubuta jawabin? Ko sai sun kawo katafila ka gyara musu tuƙi?"

Ana saura kwana biyu zaman kwamiti, da hantsi, ya ga an fara fitar da kayan wasu dattawa na hawa na uku. 'Ya'yansu sun ce ba za su jira ba, sun samo musu ɗaki a gidan tsofaffi. Matar ta sauko a hankali, a kowane dandamali sai ta tsaya ta dafa bango tana mayar da numfashi, a daidai inda ya kamata a ce akwai wurin zama. Evert ya kalle ta har ta iso ƙasa. Sannan ya ɗauki makullin ɗakin ajiya na ƙarƙashin ginin ya sauka.

A bayan tsohon keken Aleida akwai dogon kwali mai kamar bututu. Al'adar aikin ita ce in an gama tawada a zubar da na fensir. Shi bai zubar ba, kuma bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya kira lambar da ke kan tebur.

"Ki zo da mota. Keke ba zai ɗauka ba."

Ranar zaman, da ƙarfe biyu na rana, ɗakin taron ya cika da mutanen Lindehof. Wakilin kamfanin, wani saurayi mai ladabi, ya nuna hotuna ya yi bayani. Ba mugu ba ne. Ya ce garin na buƙatar gidaje, ya kuma nuna dandamalin matakala ya ce duk mai ido zai ga kuskure ne.

Shugabar kwamiti ta ce ko mai zanen yana da ta cewa. Evert ya miƙe, sai da ya yi yunƙuri biyu.

"Mai zanen ba ta da ta cewa, ta rasu. Ni magatakardanta ne."

Anouk ta fara warware takardun a kan dogon tebur, tana danne gefensu da kofuna. Fensirin ya dushe amma ana gani. A gefen kowane shafi akwai ƙananan rubutu: Matar mai gyaran takalmi gajera ce, a sauke kanta. Keken tagwaye ya fi ƙofa faɗi, a ƙara.

"Yaron nan ya yi gaskiya," in ji Evert. "Akwai kuskure a matakalar. Kuskure ɗaya ne a ginin duka, kuma shi kaɗai ne aikina a ciki." Ya ɗora yatsa a kan bencin. "Ga abin da ke wurin. Na cire shi don wasu maza huɗu sun yi dariya, ni kuma ina son a sake ba ni aiki. Sauran duka, tagogi, ƙofofi, filin yara, lissafin ƙarfe, Injiniya Aleida Terpstra ce. Ni na bi da tawada. Hannuna ba ya rawa a lokacin, wannan kam a yaba mini."

"Yau ka yi magana!" Fien ta ɗaga murya daga baya. "Amma ba sabon labari ba ne, ranka ya daɗe."

Evert ya juya.

"Mu mata duk mun sani tun 1962. Wa ya zo gidan uwata da abin awo, kai? Namijin da bai san inda ake ajiye tsintsiya ba ne zai yi mana kabad ɗin tsintsiya? Jiranka kawai muke. Ita ta ce a ƙyale ka, za ka iso, tafiyar hawainiya gare ka."

Aka yi dariya, har shugabar kwamiti. Evert ya tsaya kamar an zare masa sanda. Shekara hamsin da biyar yana gadin wani sirri, ashe duk matan da ke gaishe shi a matakala suna ɗauke da shi a jakar cefane.

"Ta ce haka?"

"Ta ce abin da ya fi haka, amma akwai yara a nan."

Wakilin kamfanin ya matso ya sunkuya kan zanen. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, kusan da kansa yake magana, kakarsa ta yi shekara goma ba ta sauko daga hawa na uku ba saboda babu inda za ta huta a hanya.

A ranar kwamitin ya dakatar da rusau. A watan Yuni ya sa Lindehof a jerinsa. Kamfanin ya ɗan yi gunaguni, daga baya ya gano yana alfahari da ginin, har ya buga hotonsa a bangon mujallarsa. Evert ya ce wannan shi ne saurin tuban da ya fi kowane a tarihin da ya karanta. Dattawan hawa na uku ba su dawo ba, ɗakinsu na can ya karɓe su. Wannan kuwa ya san kwanakin da aka yi ana jinkiri ne suka raba su da gidansu, kuma ya san wa ya ɓata kwanakin.

Aka sauya allon tagulla. Anouk ta kawo shawarar a sa sunayen biyu. Ya ce a'a, in dole ne a sa nasa, a sa shi ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a rubuta: ya bi da tawada. Aka yi yadda ya ce.

A watan Satumba kafintoci suka kafa bencuna, daidai da awon da ke kan fensir. Fien ta zauna ta tashi, ta sake zama.

"Ya yi tauri."

"Shekara hamsin da biyar kina jira, yanzu kuma ya yi tauri?"

"Ban ce a cire ba, Injiniya. Ka kiyaye ni. Kai dai in ka ga benci hannunka ƙaiƙayi yake."

Yanzu kusan kowace Alhamis Anouk na zuwa da ɗalibanta, fiye da rabinsu mata, su cika matakala da abin awo da surutu. Suna auna tsayin taga, suna shiga kicin ɗin Fien ta ba su kofi da labarin da ke ƙara tsawo kowane mako. Wata daga cikinsu bahaguwa ce. Evert ya ga yadda take karkata littafinta, ya kawar da kai, ya ce mata fensirinta bai fiƙu ba.

Shi ma yakan hau. Hawa ɗaya kawai, taku goma sha ɗaya, ya zauna a ƙarshen bencin da littafinsa, inda hasken la'asar ke sauka a kan shafi daidai, don an lissafa hakan ma. Ba ya cika karantawa. Kalandar na nan a bayan ƙofar banɗaki, tara ga Yuni ba a rufe ba, kuma ba za a rufe ba, don layukansa dama suke kwanciya.

A makon ƙarshe na jinyar Aleida ya zauna kusa da gadonta kowace rana. Ya karanta mata jarida. Ya yi mata ƙorafin likitoci da ruwan sama da lalacewar burodin zamani. Wata safiya ta juyo ta dube shi, ta daɗe, kamar mai jiran bas ɗin da ta san zai makara. Ya buɗe baki. Ya tambaye ta ko a ƙara mata matashi.

Ya faɗa wa kwamiti, ya faɗa wa jarida, an ma zana shi a tagulla. Ita ce kaɗai bai faɗa wa ba, ga shi kuma maganar ba ta da tsawo: Aleida, kin fi ni iyawa, tun ranar da kika kawar da cukun nan na sani, kuma ke ce da gaskiya a kan bencin.